Salkar da Na Saita da Bindiga

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙi a gidan wani attajiri a Jidda, ranaku da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe mutum ba. Wajen ƙarshen shekarun sittin ne, ofishinmu yana unguwar Bagdadiyya.

Duk damina ta ɗan taɓa duwatsu, maigida yakan fita farautar akuyar dutse, wadda Larabawa ke kira wa'al, can arewa maso gabas, nesa da iyakar haramin Makka. Ƙa'idar ita ce, bindigar farautar tana da takardar izini da sunansa, amma ni nake ɗauko ta, ni nake goge ta, kuma da idonsa ya yi rauni ni nake harbawa, shi ya karɓi yabo. Ni ma kaina ya kumbura, ina ji babu kamata.

Na ukunmu shi ne Baba Gambo, mai gadin gidan maigida na unguwar Abhur. Bahaushen Sudan ne, maharbi ɗan maharbi, ana tafiya da shi don ya iya bin sawu. Ba ya rabuwa da kwari da bakansa. Ran Juma'a yakan koya mini harbi a bayan gida, ina yi ina tsokanarsa.

"Baba, duniya ta wuce wannan sandan naka. Kafin ka ja tsarkiya na gama fiɗa."

"Ja dai, Sale," yakan ce. "Gwiwar hannunka ta faɗi."

Ran nan da hantsi muka ajiye jif a bakin wani kwazazzabo, muka hau tudu a ƙasa. Can ƙasa akwai ɗan tafki tsakanin duwatsu, nisan da murya ba za ta kai ba. Sai ga wani abu ja-ja mai gashi, ya duƙa a bakin ruwa, bayansa kawai ake gani. Kwana biyu muna yawo ba mu samu komai ba, maigida ya ƙosa.

"Wa'al ne," in ji shi. "Yalla ya Sale, harba."

Na kwanta, na ɗora bindiga a kan dutse, na saita tsakiyar bayan. Yatsana yana kan kunama Baba Gambo ya ɗora tafin hannunsa a kan bakin bindigar.

"Me ka gani?"

"Bayansa, Baba."

"Ka ga ƙaho? Ka ga ido?"

"Ban gani ba."

"To, a gidanmu ba a sakin kibiya sai an ga idon dabba. Ga baka, mu sauka."

Maigida ya fusata, ya ce shi bai ɗauki mai gadi don ya koya masa farauta ba, in naman ya tsere mu biyun mu nemi wani kafilin, wato ubangidan da zai tsaya mana. Gabana ya faɗi, don iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsa take, matata kuma tana da tsohon ciki. Na dubi maigida, na dubi tsohon. Ban san me ya shiga raina ba, na ce wa maigida, "Ammi, ka yi haƙuri, ba ni rabin awa." Na ajiye bindiga na karɓi baka.

Farautar baka aikin haƙuri ce. Baba Gambo ya ɗebi ƙura ya saki don mu san inda iska ta nufa, muka zagaya ta ƙasanta kada dabba ta ji warinmu. Muka cire takalma. Muka yi ta rarrafe a kan dutse mai zafi har gwiwoyina suka goge, ina ta zagin tsohon a zuci. Kibiya ba ta da amfani sai ka matso taku talatin, dole muka matso.

Na leƙa ta bayan wani dutse, kibiya a kan tsarkiya. Abin ya motsa, ya ɗago. Wani dattijo ne Baduwi, Balaraben daji makiyayi, ya goya salkar fatar akuya da gashinta a bayansa, ya durƙusa yana cika wata salkar da ƙoƙo. Inda na saita ɗazu, ƙashin bayansa ne a ƙarƙashi.

Na sauke baka, na zauna daɓas. Dattijon ya waiwayo, ya ga baƙi biyu ba takalmi, ya yi mana sallama, ya miƙo mini ƙoƙon ruwa. Na karɓa na sha. Har muka rabu bai san komai ba.

Da muka hau, maigida ya riga ya hango mutum ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta yi fari. Ya kama kan Baba Gambo ya sumbata, ya ce, "Halas, a sa bindiga a mota." Bai sake zancen kora ba. Na ƙara shekaru ina bin maigida farauta da baka, sau da yawa mu dawo hannu wofi, ban taɓa jin haushi ba.

Ku da kuke kama aiki yanzu, abin da na koya ke nan: a aikinmu na yaran gida, mai ba da umarni yana nesa, hannunka ne a kan abin. In ya ce yi sauri, kai ka matsa kusa ka gani tukuna. Kuma kada ku raina tsohon da ke bakin ƙofa. Baba Gambo ya rasu ba ɗa ba jika a ƙasar nan, ni na yi masa wanka, har yau kuma ba na sallame salla ban roƙa masa gafara ba.