Ranar da Yaya Garba Ya Juya Mota a Wurin Mai Kada

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba, makaniken Unguwar Shanu, kuma har yau in aka ambaci hanyar Birnin Gwari sai gabana ya faɗi.

Tsohuwar hanyar Ikko ce, manyan motoci na bin ta tun kafin a haife mu, kuma Yaya ya san ta kamar tsakar gidanmu na Badarawa. Tafiya da shi kuwa sai mai haƙuri, don ba ya iya wuce abin kallo. Akwai kukar da direbobi ke rataya wa tsofaffin takalma, dole ya tsaya ya duba ko nasa na nan. Akwai kan tirela da ya mutu, wani ya mai da shi shagon shayi, ta tagar direba ake miƙo maka kofi. Sai wani tsoho mai kiwon kada a kwatamin siminti, ya raɗa masa suna Sajan. Mu yi ta mita, shi ko a jikinsa.

Tafiyarmu ta ƙarshe ba ta yawo ba ce. An aiko daga Birnin Gwari cewa Iya Ladi, ƙanwar mahaifiyarmu, tana kwance rai a hannun Allah, sunan Inna kawai take kira. Lokacin an fara tare hanya jefi-jefi. Muka fita da safe, ni a gaba, Inna a baya rungume da kwanon furar da ta dama wa 'yar'uwarta. Yaya bai tsaya a kuka ba, bai tsaya a shayi ba. A wurin mai kada ne ya taka birki.

Na ce, "Haba Yaya, yau ma?"

Ya leƙa waje ta taga. Tabarmar tsohon na shimfiɗe, rediyonsa na magana, shi babu shi. Masu sayar da doya sun bar kayansu a bakin titi. Kadan kaɗai ke kwance cikin ruwa. Direbobin hanyar suna da wata al'ada: idonsu na kan motocin da ke tahowa, in aka jima ba wadda ta ɓullo, to wani abu ne ya riƙe su a gaba. Ashe tun daga Buruku yake lura ba motar da ta taho. Ya kashe mota yana saurare.

Inna ta ce, "Garba, ta da mota."

"Inna, hanya ba lafiya."

"Me ka gani?"

"Ban ga kowa ba. Shi ne ya dame ni."

"Ladi na can tana jirana. Ni na haife ka, na ce ka wuce."

Tun da nake ban taɓa ganin ya tsallake maganarta ba. Amma ya juya motar. Tun daga nan Inna ta daina yi masa magana. Washegari Iya Ladi ta cika.

Abin da ya ci shi a rai, ba mu taɓa samun tabbacin me ke gaba ba. Wasu suka ce an tare hanya, wasu suka ce babbar mota ce ta faɗi, mutane suka ruga kallo. Ya rayu da wannan har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Ina yawan tunanin me zai ce da yau. Ana bin hanyar a jere, a guje, kowa na addu'a, ba mai waiwayen kukar takalman. An ce tsohon ya tashi, kadan kuwa oho. Ina jin zai yi baƙin ciki, amma ba na jin zai yi mamaki. Ni dai abin da ya bar mini shi ne sanin cewa duk tsaye-tsayen nan da muke zaginsa a kai, hanyar yake koyo, har ya san ranar da shirunta ya canza.

Inna na nan da ranta, ta tsufa ƙwarai. Ta koma yi masa magana bayan 'yan watanni, amma zancen ranar bai ƙara haɗa su ba. Makon jiya na gaya mata zan rubuta wannan. Sai ta ce, "Wallahi na yafe masa tun yana da rai. Ban faɗa masa ba ne. Jira nake ya warke."