Mai Kallon Ƙafafu

Hamajoɗa baduku ne a bakin kasuwar Jimeta, rumfarsa tana jingine da tawa, ni ina ɗinkin riguna shi yana ɗinkin takalma. Shekara ashirin muna tare, kuma wallahi ban taɓa ganin ya kalli fuskar mutum kafin ya kalli ƙafarsa ba.

Maƙwabcinmu Anayo mai kayan lantarki yana da wani fim da yake gwada talabijin da shi, na bayin zamanin Rumawa da ake zubawa a fili su kashe juna jama'a na tafi. Da la'asar in kasuwa ta yi sanyi mukan ja benci. Kowa na kallon takobi, Hamajoɗa na kallon ƙasa. Wai jarumin, wani makiyayi da aka kamo, ya yi tafiyar wata guda a ƙasa amma dugadugansa sumul kamar na amarya. Wai igiyar takalmin sarkinsu ma ɗinkin inji ce. Nakan ce masa, Bappa (haka muke kiransa), to ka rubuta musu takarda mana! Sai ya yi tsaki ya ci gaba da huda fata da basilla.

Ya san abin da yake faɗa. Shekarar da Mubi ta faɗi hannun 'yan bindiga, mutane suka yi ta shigowa Yola a ƙasa, kwana da kwanaki yana zaune a bakin tasha yana gyara musu takalma kyauta. Ƙanensa Jalo yake nema. Matar Jalo, Sabuwa, ta iso da goyo, ta ce sun rabu a daji. Jalo bai iso ba. Hamajoɗa ya ɗinka masa takalmi sabo ya rataya a ƙusa, don ya ce duk ranar da ya zo ba shi da na sawa.

Fim ɗin kuwa bai taɓa ganin ƙarshensa ba. Da zarar makiyayin ya fara shirin gudu gida, sai Bappa ya tashi, wai zai yi alwala. Mun daɗe muna tsokanarsa kafin mu gane Jalo yake tunawa, sannan muka daina.

Shekara biyar Sabuwa tana zaune a gidansa a Limawa. Wani malamin makaranta ya fito yana sonta. Alƙali zai iya raba auren, amma ta rantse ba za ta je ba sai da yardar yayan mijinta, shi kuma ko maganar ba ya so a ɗauko. Ta rame, tausayinta ya ishe ni.

Wata Laraba ta kawo masa abinci muna kallo. An zo wurin da yakan tashi alwala, sai ta ce masa a hankali, "Hamma, ka zauna ka gani. Ni ma na gaji da tashi."

Ya zauna. Makiyayin ya tsere da sarƙa a wuya, ya yi ta tafiya, takalmi ya tsinke ya yar. Daga nesa ya hango shanun garinsu, nan ya durƙusa, bai ƙara tashi ba. Aka nuno tafin ƙafarsa, duk ya tsattsage, ƙasa ta cike tsagar.

Anayo ya kashe talabijin. Na jira Bappa ya kushe kamar kullum.

"Nan kam ba su yi ƙarya ba," in ji shi. "Haka ƙafa take zama."

Ya miƙe ya sauko da takalmin daga ƙusa, ya goge shi da bakin rigarsa. Fatar ta bushe ta yi tauri. Ya miƙa wa Sabuwa ya ce ta adana wa yaron, zai girma ya sa. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa alƙali yake zama gobe.