Gorar Rubutun Auta

Tun ina saurayi nake yi wa mutanen ƙauyenmu rubutun sha. Mai naƙuda, mai ciwon kai, wanda barci ya ƙaurace wa, duk wurina ake zuwa. In rubuta ayoyi a allo da tawadar da na dafa da ƙaro, in wanke a ƙwarya, su sha, lafiya kuma tana hannun Allah. Saboda haka da autana ya fara shan maganin tarin nan da ake kira kodin, ban nemi wata hanya ba sai allo.

Kullum bayan asuba nakan rubuta, in wanke, in ɗura masa a gorar lemo, don ya ce ƙwarya ba ta zuwa gona. Nakan hango shi a gindin ɗorawa yana kurɓa, in yi hamdala. Har na gaya wa mahaifiyarsa cewa yaron nan ya riƙe rubutu hannu biyu. Amma idonsa bai daina ja ba, kunya guda a gona sai ta cinye masa yini. Ranar da aka tsinto shi kwance a bakin kwalbatin hanyar Zakirai, yayansa ya nemo mota ya kai shi wani gida a gefen birni inda ake kwantar da masu shaye-shaye. Ban hana ba, ban kuma ce to ba.

Gero na fitar da kai aka ba mu damar ziyara. Na yi rubutu na musamman, na cika gora, na hau a-daidaita-sahu. A ƙofa wani ma'aikaci yana duba kayan baƙi. Ya ɗaga gorar ya dubi haske da ita.

"Baba, mene ne wannan?"

"Rubutu ne. Da hannuna na yi."

"Allah ya ƙara albarka. Amma ba a shiga da abin sha."

"Ayoyin Allah ne fa, ɗana."

"Na yarda, Baba. Sai dai a ƙofar nan mun ga zoɓo, mun ga kunun aya, mun ga furar da ke sa mutum barci a tsaye. Ku bar ta nan, in kun fito ku ɗauka."

Na bar ta raina a ɓace. A tsakar gidan na ga maza zaune a tabarmi, har da mai furfura kamar tawa yana ba alayyafo ruwa, rabin ruwan a ƙafarsa yake zuba. Auta ya fito ya durƙusa ya gaishe ni. Kumatunsa sun ɗan ciko. Ya ce makonnin farko ji yake kamar ana sassaƙa ƙashinsa, ga gumi, ga zawo, amma yanzu yana cin abinci, yana sallah a jam'i. Na ce na zo masa da rubutu an hana ni shigowa da shi.



"Baba, gara da suka hana."

"Kamar yaya?"

"Gorar da kake ba ni a gida, ba rubutu nake sha a ciki ba. In na haɗa kodin da baƙin lemo, kalarsu ɗaya da tawadarka. Ba mai tambayar ɗan malam me yake sha."

"Rubutun fa?"

"A gindin ɗorawa nake juyewa. Ban taɓa zubarwa a wuri mara tsarki ba, wallahi."

Ya faɗi haka kamar zai rage mini wani abu. Na ce gero ya kusa, ya dawo mu yi girbi. Ya girgiza kai.

"Ka roƙi Yaya a ƙara mini lokaci. Ko gorar ruwa na gani a hannun wani, bakina sai ya cika da yawu. In na dawo yanzu, ban san abin da zan yi ba."

A ƙofa ma'aikacin ya miƙo mini gorata. Na riƙe ta a cinya har gida. Mahaifiyarsa tana tsaye a bakin zaure.

"Malam, ya sha?"

Na ce bai sha ba, amma ya yi ƙiba.

Rubutu ba abin zubarwa ba ne. Na zauna a zaure, na yi bisimilla na shanye. Mun yi girbi ba shi, mun cire gyaɗa ba shi. Har yau bayan asuba ina rubuta masa, in wanke a ƙwarya, in ambace shi, in sha da kaina. Ban san ko yana isa gare shi ba.