Ƙusar da Adda Dije Take Dubawa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Alhamis yayata Adda Dije ta cika, a ɗakinta na unguwar Djamboutou. Yau shekara bakwai ke nan. Mu uku ne a wurin: ni, da 'yarta Hadiza, da shugaban kwamitin lafiya na unguwarmu, wanda ya zo duba ta. Ba zan ambaci sunansa ba.

Kafin ta cika, shi Adda ta miƙa wa littafinta mai baƙin bango. Ta ce, "Alhaji, mata za ku riƙa aikawa." Ya ce, "Adda, na ɗauki alkawari." Da kunnena na ji.

Adda ba likita ba ce, 'yar sa-kai ce. Amma tun kafin a raba gidan sauro take tsara yadda za a gane ko rabon ya yi amfani. Na farko, a zaɓi mata, domin baƙo namiji ba ya wuce zaure. Na biyu, a jira wata guda bayan rabo. Na uku, a shiga har ɗaki a dubi bango: akwai ƙusa? Akwai igiya? Gidan sauron da ta tarar a leda ƙarƙashin gado ba ta lissafa shi. Sai ta ciro ƙusa da guduma daga jakarta, ta rataya, bayan mako ta dawo.

Bana an sake rabo. Maza biyu suka yi sallama a zaurena da takarda. "Malam, an rataya?" Na ce su bari in kira mai ɗakina ta amsa. Suka ce ba sai an kira ta ba, ai sun riga sun sa alama a takarda. A makon nan na ga gidajen sauro a hanyar Pitowa, an rufe irin albasa da su. A gidan maƙwabtana, inda su ma aka sa musu alama, yara biyu na kwance da zazzaɓi.

Na sami Alhaji na ce, "Ina alkawarin?" Ya ce, "Haba Malam, rahoto ya yi kyau, manya sun yaba." Littafin kuwa bai san inda ya ajiye shi ba.

Da Adda tana nan, ba za ta yi gardama da shi ba, gudumarta za ta ɗauka. Gudumar ce kaɗai ta rage, tana hannun Hadiza, kuma ba wanda ya aiki Hadiza.

Mai karatu, abu biyu nake roƙo. Ka shiga ɗakin 'ya'yanka yau ka dubi bango. Sannan ranar da kwamitin unguwarku zai zauna, ka je ka tambaye su: wace mace kuka aiko gidana?