Direban Jar Lamba

Ni da Ambo Upe katanga ce ta raba mu, kuma tare muka koyi tuƙi a garin Pinrang. Ni na ƙare da tsohuwar bas ta haya mai tari kamar akuya. Shi kuwa hukumar raya yankinmu ta ɗauke shi direba, ta danƙa masa farar mota mai jar lamba, irin ta gwamnati. Tun ranar nake jin haushinsa, kuma ba na ɓoyewa.

Me hukumar ta raya? Oho. An ce tashar jirgin ruwa, an ce injin casar shinkafa, amma allo kawai muka gani a bakin hanya. Abin da ya iso ƙauyenmu dai motar nan ce. Duk ranar hutu Ambo Upe ke kai amare gidan surukansu, har mata suka tsiro da cewa amaryar da ya kai aurenta ba ya mutuwa. Ni tukwane ake loda mini, in bi su a baya ina shan hayaƙi.

Ranar da aka rufe hukumar na ci shinkafa har da ƙari. Masu bincike suka zo bin kadin kayan gwamnati, kowa ya rufa wa Ambo Upe asiri. Ni na ja ɗayansu gefe.

"Yallaɓai, motar nan ta fi sanin gidan biki a kan ofis."

Ya tuntsire da dariya. "Baba, ai na sani. Matata ma Ambo Upe ne ya kawo ta, ga mu da 'ya'ya huɗu."

Duk da haka suka tafi da motar, manyan hukumar kuma aka kira su birni su yi bayani. Ambo Upe ya koma hawa keke. In na wuce shi nakan danna masa ham sau biyu, don zumunci.

Sai bikin 'yata Tenri ya zo. Na wanke bas, na yi mata fenti, na ɗaura mata furanni. Da safe matata ta tare ni a ƙofa.

"Baban Tenri, miƙa wa Ambo Upe makullin."

"Makullin wa? Ni ban iya tuƙi ba ne?"

"Ka iya mana. Amma wace amarya ka taɓa kaiwa ta zauna?"

Na juya wajen Tenri ko za ta goyi bayana. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, don Allah."

Haka na miƙa makullin. Ambo Upe ya zo sanye da rigar aikin matacciyar hukumar, ta sha guga. Ya hau kujerata, ya ja ta baya.

"Maƙwabci, birkin nan naka sai addu'a," in ji shi.

A can baya na zauna, da farantin wainar ayaba a cinyata. Muna isa ƙofar gidan ango tsofaffin mata suka fito suna watsa shinkafa, suna guɗa: "Jar lamba ta iso! Aure ya zaunu!"

Lambar bas ɗina rawaya ce, kuma da hannuna na goge ta da safen nan.