Yadda Yayana Ya Yi Kokawar Japan a Inkil

Yayana tela ne a Gwallaga, kuma Allah ya yi shi da jiki, irin wanda in ya shiga keke sai mai keken ya sauko ya duba taya. Ni kuwa a lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, ina kwance a tabarma ina zaɓa wa kowa a gidanmu masoyi. Shi ya sa ni ya fara gaya wa cewa wata yarinya mai suyar awara a ƙauyen Inkil, kusa da gidan gwaggonmu, ta tafi da hankalinsa. Matsalar ita ce gidansu na 'yan kokawa ne, kuma an ce ba ta sauraron namijin da bai taɓa shiga fili ba.

Na ce masa duk jarumin da na karanta sai da ya yi bajinta kafin a ba shi zuciya. Sai ya ciro waya ya nuna mini waɗansu ƙattin Japan, 'yan kokawar sumo, kowanne kamar rumbu, suna ture juna a cikin da'ira. Ya ce a can ƙiba sana'a ce, kuma shi an haife shi da jarinta.

Horon bai ba shi wahala ba, domin ya gano cewa mutanen suna ci su ƙoshi, su kwanta da rana. Da safe yakan fito tsakar gida ya ɗaga ƙafa ya buga ƙasa har kaji su watse. Ya ɗinka wa kansa ɗamara irin ta 'yan sumo da ragowar yadi, amma da Umma ta ga yadda ake ɗaura ta sai ta ce ko a kan dogon wando, ko kuma ya canza uwa.

Bayan girbi aka sa kokawa a Inkil. Na tsaya cikin 'yan mata kusa da mai awarar, ina satar kallon fuskarta, ina jiran idonta ya cika da ƙwalla kamar yadda ake rubutawa. Wanda aka haɗa shi da Yaya wan mai awarar ne, siriri kamar karan dawa.

Yaya ya shiga fili, ya zura hannu a aljihu, ya ɗebo gishiri ya watsa sama, yadda 'yan sumo ke yi kafin su kama. Makaɗi ya tsaya. Abokin karawar ya yi tsalle baya yana karkaɗe jikinsa yana addu'a. Dattawa suka taso, ɗaya ya dangwala ya lasa ya ce gishiri ne. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, don kowa ya ce babu mai hankalin da zai zubar da gishiri haka kawai sai in an yi masa tofi.

"Baba, al'adar Japan ce," in ji Yaya.

"To ka je Japan ɗin ka zuba musu, ɗan nan. Nan gonar mutane ce."

Sai da aka koma wani fili, aka zazzage masa aljihu, sannan aka kama. Gaskiya Yaya ya burge ni. Ya sa ƙirji ya yi ta tura mutumin har ya fitar da shi cikin 'yan kallo. A sumo in ka fitar da mutum daga da'ira an gama ke nan. Ya juya ya dawo tsakiya, ya tsaya da nutsuwa, ya rusuna wa jama'a. Wan yarinyar, wanda bai san an ci shi ba tunda bayansa bai taɓa ƙasa ba, ya biyo shi a guje ya ɗauke masa ƙafa. Saboda ƙarar faɗuwar har awakin da ke ɗaure a bakin gona sai da suka tsinke.

Idon mai awara ya cika da ƙwalla, amma na dariya ne. Sai da ta dafa kafaɗata. Na riga na fara tsara yadda zan rarrashi Yaya a hanya, sai ga ta ta nufo shi da awara a faranti, yana zaune yana cire ciyawa daga kunne.

"Malam tela, ka dai shiga fili, na gani da idona. Ka zo ran Juma'a ka gai da Baba. Amma don Allah kar ka sake, wana ba shi da tausayi."

Yaya ya karɓi farantin da hannu biyu, ya sanar da ita cewa daga yau ya yi ritaya.