Baƙin Allon da Na Sayo a Kano

Aji huɗu nake koyarwa a wata firamare a Ajingi, kuma tun ina budurwa nake yi wa mata ƙunshi. Iyakar abin da na sani na zane ke nan: alli a jikin allon aji, da ledar lalle a bayan hannun amarya. Ban taɓa kiran kaina mai zane ba. In darasi ya zo kan zuciyar ɗan Adam ko yadda wake ke tsirowa, ni malamai ke nema in zana musu, washegari a goge a rubuta lissafi a wurin.

Wata Asabar, saura mako biyu jarrabawa, hedimasta ya aike ni Gaya in kai tambayoyi a buga. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, wanda a da shi ke rubuta wa shaguna suna da fenti kafin ya koma aikin kwamfuta. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, ya ce in ɗan zauna ya ƙarasa wani abu. Na zauna a benci a bayansa, inda nake hango abin da yake yi.

A gabansa akwai wani baƙin allo siriri, bai fi bangon littafi kauri ba, kuma babu komai a kansa. Yana riƙe da alƙalami yana ta yawo da shi a kan allon, amma ko kallon hannunsa ba ya yi. Idonsa na kan kwamfuta. A can kuwa ƙahon rago ne ke fitowa, yana lanƙwasa a hankali daidai yadda wuyan hannunsa ke juyawa. Na dubi allon, babu tawada ko ɗigo. Na dubi kwamfutar, ga ƙaho ya cika har da gurzin da ke jikinsa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Malam, wai a ina zanen yake sauka?"

Ya yi dariya ya ja kujerarsa gefe. "Malama, zo ki gwada da kanki. Ragon na mai sayar da dusa ne, ba sauri yake ba. Allon zane ake ce da wannan."

Ya buɗe min farin shafi ya miƙo min alƙalamin. Na ce bari in yi furen da nake yi wa amare, wanda ko ido rufe nake fitar da shi. Abin da ya fito ya fi kama da igiyar da akuya ta tattaka. Idona ya saba bin bakin leda, yanzu kuwa an raba su, hannu a ƙasa ido a sama. Kunya ta kama ni.

"Bar furen tukuna," in ji shi. "Ja layi ɗaya kawai. Fara a hankali, in kin kai tsakiya ki danna, sannan ki sassauta."

Na yi yadda ya ce. Layin ya fara kamar silin gashi, ya yi kauri a tsakiya, ya sake sirancewa har ya ɓace. Haka lalle yake yi, sak. Shekara da shekaru yatsuna ke koyon iya matsin da leda ke so, abin da ban taɓa iya yi wa kowa bayaninsa da baki ba, sai ga wani abu na roba ya ji nauyin hannuna ya nuna shi a fili. Na yi ta maimaita subhanallahi har dattijon ya ce in kawo takardun kada rana ta yi mana.

Tun daga ranar abin ya zauna min a rai. Duk data da na saya a kallon masu zane take ƙarewa, kuma kullum sai na ƙara rikicewa. Wannan ya ce babba ya fi, wancan ya ce wanda ba shi da gilashin nuna hoto ɓata kuɗi ne. Da damina ta ja baya na ɗauki adashi, na sake komawa Gaya wajen dattijon na ce ya zaɓa min.

"Ba zan zaɓa miki ba," ya ce. "Kina da kwamfuta?"

Na ce waya kawai gare ni.

"Wuta fa?"

Na ce wani lokaci mukan yi kwana uku ba mu gan ta ba, sai dai a kai waya wurin mai caji.

"To, kin ga kin yi rabin zaɓin da bakinki. Duk wanda za a nuna miki, ki ce a haɗa shi da wayarki a gabanki. Kuma kada ki bari a zana miki, ke za ki zana. Ki ja layin nan da na koya miki, ki duba wutsiyarsa."

Yayana ne ya raka ni Kano. Manomi ne a Toranke, garinmu, kuma a lokacin ya gama cire gyaɗa, yana da 'yar sararawa. Muka shiga bas ɗin safe daga Ajingi. A hanya ya tambaye ni sau biyu ko abin na kallon fim ne, na ce a'a, ya ce to Allah ya sa a dace.

A kasuwar waya muka sha yawo kafin aka kwatanta mana wani shago a saman bene. Mai shagon ya fito da kwalaye ya jera, ya fara da wanda ya fi kowanne tsada. Wannan mai gilashi ne, hoto a jikinsa yake fitowa. Ya haɗa shi da kwamfutarsa ya ce in taɓa. Na sa bakin alƙalami, launi ya ɓullo a daidai inda na taɓa, ja wur kamar lallen da ya kama. Babu raba ido da hannu. Cikin ɗan lokaci furena ya fito yadda na san shi, har da 'yan ɗigon gefe. Yaya ya matso ya leƙa, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Ikon Allah," ya ce. "In wannan kike so, ɗauki. Zan sayar da buhu in cika."

Wallahi na so shi. Na daɗe tsaye hannuna a kansa. Sai na tuna maganar dattijo, na ciro wayata na ce a haɗa. Mai shagon ya ce gaskiya wannan sai da kwamfuta, kuma sai an jona shi da wuta. Na hango shi a ɗakina a rufe da ɗankwali, ina jiran ranar da za a kawo wuta in taɓa shi. Na ce wa Yaya ya bar gyaɗarsa.

Muka koma kan marasa gilashi, irin na dattijo. Akwai wani babba mai faɗin tire, mai shagon ya ce shi ƙwararru ke saye. Da aka haɗa shi da wayata ta wani ɗan mahaɗi, sai na ga ashe gefe ɗaya ne kawai ke aiki, sauran filin a banza. Ga shi ba zai shiga jakata ba, ni kuwa ba ni da tebur a gida, a cinya nake komai. Aka ajiye shi. Saura ƙanana biyu, kowanne kamar littafin rubutu na 'yan aji.

Mai shagon ya yi ta ambaton wasu lambobi masu dubbai, wai yawan matakan matsin da kowanne ke ji. Ban fahimci komai ba. Na ce ya ba ni alƙaluman. Na ja layi da na farko, mai arahar: ya fara da kyau, amma a ƙarshe sai ya yanke dungum, kamar an datse shi da almakashi. Na ja da na biyu, wutsiyar ta tafi tana sirancewa har na kasa gane inda ta tsaya. Na sake, na kuma sakewa, sau ɗaya bai ba ni kunya ba.

"Wannan ina ake yi masa caji?" na tambaya, ina jujjuya alƙalamin ina neman rami.

"Wancan na farkon ne ake yi wa caji, Malama. Wannan ba batir a cikinsa. Allon ne ke ba shi ƙarfi in ya matso kusa, allon kuma daga wayarki yake sha."

Na ɗaga alƙalamin sama kaɗan, bai taɓa allon ba, sai ga wani ɗan ɗigo a fuskar wayata yana bin hannuna duk inda na yi. Yaya ya karɓa ya girgiza shi kusa da kunnensa, bai ji komai ba. Shi muka saya. Mai shagon ya nuna min wasu 'yan bakunan alƙalami a leda, ya ce in na cinye na jiki in canza, ya kuma saka min manhajar zane a waya.

Ban wuce Ajingi kai tsaye ba, na bi Yaya Toranke in gaida Inna. La'asar ta yi sanyi, muka same ta a tsakar gida tana tsince gyaɗa. Mahaifiyata jinin Fulani ce, kuma har idonta ya fara rauni ita ke yi wa matan unguwa zanen ƙwarya, da ƙarfen da take sawa a garwashi. Na shimfiɗa tabarma, na jingina wayar da turmi, na ɗora allon a cinyata na nuna mata. Ta zuba ido tana kallo. Can ta goge hannunta da gefen zani ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo."

Ba ta riƙe shi kamar alƙalami ba, ta dunƙule shi a tafin hannu yadda take riƙe ƙarfenta. Na faɗaɗa mata shafin don ta gani. Abin da ya ba ni mamaki, ita ba ta sha wahalar da na sha ba. Ta ja layi biyu na gwaji, sannan ta fara jera 'yan kusurwoyin nan da take yi a bakin ƙwarya, ɗaya na cizon ɗaya. Ta kai na bakwai hannunta ya goce, layi ya tsallake ya shiga na kusa. Ta ja tsaki ta ajiye.

"Ta ɓaci. Kawo wata."

Na ce, "Inna, duba nan." Na danna ɗan maɓallin da ke gefen allon. Layin da ya goce ya ɗauke, sauran na nan daram.

Ta dube ni, ta dubi wayar. Ta kai yatsa ta shafa gilashin a inda layin yake ɗazu.

"Ina ya tafi?"

Na ce ni ma ban sani ba, an dai ce ya koma baya.

Ta ɗauki alƙalamin ta yi wani mummunan layi da gangan, ta danna da kanta, ya ɓace. Ta yi haka ya kai sau biyar. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ƙwarya nawa na mayar ta awon dusa saboda layi ɗaya." Ta gyara zama ta ci gaba, ba ta ɗago ba sai da ta zagaye shafin kaf, wayar kuma ta fara kukan caji.

Ni kam sai da na yi kusan wata biyu kafin idona da hannuna su shirya. Kullum in na taso daga makaranta sai in zauna in yi ta jan layi da zagaye, kamar 'yar aji ɗaya. Amma zanen Inna shi ne abu na farko da na adana a wayar, kuma washegarin ranar da ta yi shi na tura shi, ba tare da wani bayani ba, zuwa wayar da ke gidan ƙanwarta da ke aure a Balan. Sun fi shekara ba su haɗu ba. Kafin azahar saƙon murya ya shigo. Muryar ƙanwar Inna ce, tana magana da ƙarfi yadda tsofaffi ke yi da waya.

"Wannan ai hannun yayata ne. Ita kaɗai ke juya kusurwa ta ƙarshe ciki. Yaushe ta koma aiki ba a gaya min ba? Ki ce mata in ta gama ta ajiye min wannan ƙwaryar, kada ta ba kowa."